Waiwaye: lasisin giya da gidajen caca a arewacin Kamaru

Duk sa'ad da hukuma ta fito aikin garƙame mashaya a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, kukan masu ƙananan wurare iri ɗaya ne: an rufe tawa don dare ya raba, ga ta otal can tana kiɗa har asuba, ga rumfar caca a bakin titi babu wanda ya ce mata kanzil. Bahaushen da ba ya sha, ba ya sayarwa, yana iya cewa ina ruwansa. Da ruwansa kuwa, domin wannan takarda ta lasisi ita ce ke faɗin ko za a buɗe mashaya jikin makarantar 'ya'yansa, ko daura da masallacin unguwa, kuma kuɗinta na cikin abin da ofishin magajin gari ke samu.

Maganar ta girmi Kamaru ta yau. Tun jihadin Modibbo Adama a farkon ƙarni na 19, manyan garuruwan nan suna hannun lamiɓe, wato sarakunan Fulani, giya kuwa ba ta da wurin zama a fili cikin gari. Amma a karkara da kan duwatsu, wajen Mafa da Giziga da Tupuri da Mundang da Kapsiki, giyar dawa da ake kira bil-bil, wadda mu muka fi sani da burkutu, tana cikin biki da makoki da aikin gayya. Mata ne ke dafa ta, su ne kuma ke sayarwa.

Da Turawa suka zo, ba wannan ce ta dame su ba. Yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta yi magana ne a kan barasa mai ƙarfi da ake shigowa da ita daga Turai, ta hana kai ta yankunan da ba a saba da ita ba, musamman ƙasashen Musulmi. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, Marwa a 1902. Bayan yaƙin duniya na farko aka sake ɗaure maganar da wata yarjejeniya a 1919, sannan takardar riƙon amanar Kamaru da aka ba Faransa a 1922 ta wajabta mata sa ido sosai kan cinikin barasa. Tun daga nan doka ta saba da kallon abin da ke cikin kwalba, wanda ake iya ƙirgawa a tashar jirgin ruwa a ɗora masa haraji. Abin da ke cikin tukunya a bayan gida an bar shi tsakanin hani da kau da kai, kuma har yau bai fita daga wannan hali ba.

Kwalbar ta yi ƙarfi ne bayan 1948, shekarar da aka kafa kamfanin Brasseries du Cameroun a Duwala, wanda daga baya ya gina masana'anta a Garwa. Ma'aikatan gwamnati da sojoji da 'yan kasuwa daga kudu suka yawaita a arewa, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, unguwanni irin su Baladji a can, da Yelwa a Garwa, da Domayo a Marwa suka yi suna da harkar dare.

Dokar da ake aiki da ita yanzu 'yar 1990 ce. Lokacin tattalin arziki ya durƙushe, gwamnati na sassauta hannu a kan kasuwanci, sai aka fitar da umarni mai lamba 90/1483 na 9 ga Nuwamba 1990 a kan wuraren sayar da abin sha. Ya raba lasisi gida biyu, na abin da ke sa maye da na wanda ba ya sawa, ya kuma bambanta mai sayarwa a tafi da shi da mai sayarwa a zauna a sha. Na farko ya rufe da ƙarfe 9 na dare, na biyu da 12. Ya hana buɗe mashaya a ƙasa da mita 200 daga asibiti ko makaranta ko wurin ibada. Hukumomin mulki, wato firefe, wakilin gwamnati mai kula da gunduma, da na ƙasa da shi, su ke ba da takarda, su ke da ikon rufewa.

A rubuce abin ya yi kyau. Sai dai shekaru kaɗan bayan haka, a 1993 aka zaftare albashin ma'aikata, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wanda aka sallama daga aiki da wanda albashi ya daina kai shi ƙarshen wata, da yawa suka fasa ɗakin gaba, suka sa benci da firji. Garuruwan kuma suka ci gaba da cika. A unguwa mai cunkoso, auna mita 200 daga kowane masallaci da coci da makaranta ka ga abin da zai rage. Sau tari ma mashayar ce ta riga zuwa, makarantar kuɗi ta biyo baya. Ta haka dubban wurare suka wayi gari kullum a kan laifi, kuma wanda ke kan laifi kullum ba ya iya ɗaga murya in an zo karɓar na goro. A ganina nan ne ainihin ciwon, fiye da tsaurin dokar kanta.

Caca kuwa ta wata ƙofa ta shigo. An yi mata doka a Disamban 1989, kamfanin PMUC na cacar tseren dawaki ya baza rumfuna a ƙasar cikin shekarun 1990, sannan aka sake sabuwar doka mai lamba 2015/012 ta 16 ga Yuli 2015, umarnin aiwatar da ita ya fito a 2019. Babban gidan caca ba ya zuwa wurin firefe neman izini. Yarjejeniya yake ƙullawa da gwamnati ta hannun ma'aikatar mulkin cikin gida a Yawunde, da sharuɗɗan jari da ajiyar jingina waɗanda sai mai ƙwari. Otal-otal da gidajen rawa na dare su ma suna da tasu dokar, ta yawon buɗe ido da shaƙatawa, wadda aka sabunta a 2016. Sakamakon shi ne kwalba ɗaya daga masana'anta ɗaya, in an buɗe ta a ƙaramar mashaya tana ƙarƙashin agogo, in an buɗe ta a wurin da ke riƙe da takardar shaƙatawa dare nata ne. Masu manyan wuraren suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce: sun zuba jari, suna da masu gadi, suna biyan haraji mai nauyi, ba sa cikin lungun da mutane ke barci. Amma gidan caca ba da giya yake cin riba ba. Giya ita ce ke zaunar da mai wasa a kujera, don haka ko ya sayar da ita ba riba bai yi asara ba. Mai benci da firji ba shi da wata hanyar samu sai ita.

Gaskiya kuma, manyan gidajen caca na Duwala da Yawunde ne. A arewa abin da ake gani shi ne rumfunan cacar ƙwallo da na'urorin jefa kwabo da ake lallaɓawa a ajiye a kusurwar mashaya ko shago. Mai mashaya yana karɓar na'urar don ya sami ɗan kaso, ranar da aka zo kame kuma shi ake samu a wurin, ba mai na'urar ba.

Akwai dokar gasa ta 14 ga Yuli 1998 da hukumar da aka kafa dominta, amma idonta ya fi kan manyan kamfanoni. A can saman ma kasuwar tsukewa take yi: a 2022 aka sanar cewa rukunin Castel, mai Brasseries, zai sayi Guinness ta Kamaru daga hannun Diageo, cinikin kuma ya tabbata. Ƙaramin mai mashaya daga dillalin kamfani yake ɗaukar akwatuna, sau da yawa firji da kujerun ma na kamfanin ne, ba shi da ta cewa a kan farashi.

In tashin hankali ya zo, a kan na ƙasa yake fara sauka. Ranar 22 ga Yuli 2015 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bam a babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare, bayan kwana uku aka sake kai hari a wata mashaya a Pont Vert, kusan mutum 20 suka mutu. Aka taƙaita zirga-zirgar dare da lokacin buɗe mashaya, ba wanda zai ga laifin hukuma a kan haka. A Maris 2020, saboda korona, firaminista Joseph Dion Ngute ya ba da umarnin rufe mashaya da gidajen abinci daga ƙarfe 6 na yamma, aka ɗage a ƙarshen Afrilu. Mai jari ya jure makonni shida. Matar da ke dafa bil-bil don kuɗin makarantar yara, wadda galibi ba ta da lasisi balle a san da ita a lissafin tallafi, ita ta san yadda ta yi.

Kwatanta wannan da barasar leda, wadda ta fi komai cin samari 'yan babur da leburori saboda arharta. A Satumban 2014 gwamnati ta haramta ta, ta ba masana'antu wa'adin shekara biyu su karkare. Wa'adin ya cika aka ɗaga, ya sake cika aka sake ɗagawa, saboda kamfanonin sun kawo hujjar jari da ayyukan yi, aka saurare su. Ledar tana nan a teburin mai sigari da alewa, wanda ba shi da lasisin komai.

Yanzu ma cacar ta bar rumfa ta koma cikin waya. Da Orange Money ko MTN Mobile Money yaro zai zuba kuɗi a wasan Turai yana zaune a zauren gidansu, ko a bayan aji, da tsakar rana ko ƙarfe 2 na dare. Umarnin 1990 bai san da wannan ba, kuma firefe ba shi da ƙofar da zai sa wa kwaɗo.