Waiwaye: Maharba da makiyayan da aka zana a duwatsun Tassili

Wanda ya hau tsaunukan Tassili n'Ajjer a yau, can kudu maso gabashin Aljeriya kusa da garin Djanet, dutse da rairayi kawai zai gani. Amma a jikin duwatsun akwai zane sama da 15,000, kuma ƙasar da suke nunawa mai ruwa ce da ciyawa, da giwa da dorina da raƙumin dawa da jimina.

Mafi tsufa na zamanin farauta ne, tun ba a fara kiwo ba. Daga baya, kimanin shekara 7,000 da suka wuce, shanu suka cika bangon duwatsun, kuma a nan ne zanen ya fi taɓa ni. Ga garke ana korowa gida, ga mata a bakin bukkoki, ga maruƙa jere a dangwali kamar yadda ake ɗaure su a ruga har gobe. Masu zanen sun san dabbobinsu ɗaya bayan ɗaya; da jar ƙasa da farar ƙasa suka fitar da launin kowace saniya da lanƙwasar ƙahonta. Shanun ba su da tozo, haka ma waɗanda aka zana a duwatsun Birnin Kudu ta Jihar Jigawa. Kiwon kuma bai kori farauta ba, domin ga maharba da kwari da baka, ga karnuka sun yi wa ragon dutse ƙawanya. Da ƙasar ta ci gaba da bushewa sai dawaki da kekunansu suka bayyana, raƙumi ya zo a ƙarshe, wajen shekara 2,000 ke nan.

Abzinawan yankin sun daɗe da sanin wuraren. Turai kuwa sai a 1956 labarin ya fara kama ta sosai, lokacin da Bafaranshe Henri Lhote ya kai ayarin masu zane, wani Ba'abzine mai suna Jebrine yana nuna musu hanya. Sun kwafi ɗaruruwa, aka baje kolinsu a birnin Faris. Amadou Hampâté Bâ, marubuci kuma masanin al'adun Fulani ɗan ƙasar Mali, ya duba wasu kwafin, ya ce ya gane bikin wankan shanu na Fulani da ake kira lotori. Masana na ja-in-ja kan wannan fassara har yanzu, amma ta sa an koma tambayar makiyayan Afirka ma'anar zanen.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda aka yi kwafin. Mutanen Lhote sun riƙa jiƙa bangon da soso don launi ya fito, masu yawon buɗe ido suka ɗauki wannan ɗabi'a, har wasu zanen da suka jure dubban shekaru suka dusashe. A 1982 hukumar UNESCO ta sa Tassili cikin wuraren tarihi na duniya, yanzu kuma ba a hawa sai da ɗan jagora.