Me ake nufi da sayis ɗin keke?

Idan mai sayar da keke ya ce maka wannan 26 ne ko 28 ne, faɗin da'irar taya yake nufi, daga baki zuwa baki, da inci. Lambar ba ta nuna ko keken zai yi maka daidai. Ainihin sayis yana jikin firam, ƙarfen da aka ɗaura komai a kansa.

Ana auna firam daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa bakin bututun da sirdi ke shiga. Kekunan tsere da santimita ake faɗin nasu, kamar 52 ko 56, na hawan dutse kuma da inci, kamar 17 ko 19. Masu taya 28 irin su Raleigh da Phoenix yawanci firam ɗinsu inci 22 ne ko 24.

Tsawon ƙafarka ne ma'auni. Cire takalmi, jingina da bango, matse littafi tsakanin cinyoyinka can sama, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin. A ce an samu santimita 80. Ninka da 0.67, keken tsere mai firam 54 ke nan. Sake ninka 80 ɗin da 0.883, ka samu kusan 71, tazarar da ta kamata tsakanin tsakiyar feda da saman sirdi. In babu abin awo, zauna a sirdin ka ɗora diddige a kan feda idan ta sauka ƙasa: ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa gaban gwiwa yake ci, wanda ya yi sama kuma bayanta.

Inda aka fi yin sakaci shi ne tsawon sandar da ta taso daga sirdi zuwa kan keke. Sirdi ana ɗaga shi a sauke, ita kuwa yadda aka ƙera ta haka take. In ta yi maka tsawo za ka riƙa miƙa jiki, wuya da gadon baya su ɗau ciwo, tafin hannu ya mutu. Ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka ma, lalle a samu sararin santimita 3 zuwa 5 tsakaninka da sandar, saboda ranar da za ka diro ba shiri.

Ƙaramin firam ba ya gyaruwa da zaro sirdi. Akwai layi a jikin ƙarfen sirdin, kuma in ya leƙo waje, nauyin mahayi zai iya tsaga bakin firam ɗin.