Gane tsofaffin jiragen sama daga inuwarsu

Gane jirgi daga inuwa wasan wasa ƙwaƙwalwa ne da masu haɗa ƙananan samfuran jiragen sama suke yi a tsakaninsu, ya fi ƙarfi a Ingila da Amurka. Ana nuna siffar jirgi baƙa ƙirin a kan farar takarda, ba fenti ba tuta ba lamba, yawanci ta gaba da ta gefe da ta ƙasa, sai a ce to faɗi sunansa. Irin su Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya, ba a cika kawo su ba don da ganin fiffiken nan mai kama da ganye an gama, abin da ake so shi ne jirgin da aka ƙera ɗaya ko biyu aka watsar.

Asali

Ba da wasa abin ya faro ba. Ranar 6 ga Satumba 1939, kwana 3 kacal da shigar Birtaniya yaƙin duniya na biyu, jiragen Spitfire suka harbo Hurricane guda 2 na ƙasarsu a gabashin Ingila, matuƙi ɗaya ya mutu. A 28 ga Yuni 1940 'yan bindigar Italiya da ke Tobruk suka kakkaɓo jirgin Italo Balbo, gwamnansu na Libiya da kansa, ya mutu nan take. Wanda ya fi muni shi ne na daren 11 ga Yuli 1943 a tsibirin Sisili na Italiya, jiragen ruwa da sojojin ƙasa na ƙawance suka buɗe wa jiragen dakon sojojin laima na Amurka wuta suka kayar da 23.

Shi ya sa koyon gane jirgi ya zama darasi na dole ga soja da masu gadin sama na sa kai. Aka buga littattafan inuwa, aka manna fastoci a bariki, har katin karta aka yi mai inuwar jirage don ko ana wasa ido ya riƙa sabawa. Turawan Ingila suna da tsarin da suke kira WEFT, wato a duba fiffike, inji, gangar jiki, sannan wutsiya ɗaya bayan ɗaya. Wani malamin jami'ar Ohio State ta Amurka mai suna Samuel Renshaw ya ce wannan ɓata lokaci ne, kafin ka gama ƙirga ai jirgin ya iso kanka, gara a haska hoton da majigi cikin ƙiftawar ido har mutum ya saba gane jirgi gaba ɗaya kamar yadda yake gane fuskar ɗan'uwansa daga nesa. Sojan ruwan Amurka suka ɗauki hanyarsa a 1942.

A wannan shekarar dai gwamnatin Amurka ta roƙi 'yan makaranta su sassaƙa samfura 500,000 da katako a shafa musu baƙin fenti, duka a ma'aunin 1:72, wato inci ɗaya a madadin ƙafa 6. Hikimar ita ce in ka rataye samfurin ka ja baya mita 10, daidai yake da ganin jirgin gaske daga mita 720. Shi ma'aunin ya riga yaƙin, kamfanin Skybirds ya fara da shi a Ingila wajen 1932, Frog kuma ya fito da na roba a 1936. Airfix ya biyo baya da Spitfire ɗinsa, wasu sun ce 1953 wasu 1955. Yaran da suka taso da baƙaƙen samfuran nan su ne suka zama masu sayen na roba bayan yaƙi, kuma ba su bar ɗabi'ar gwada juna da inuwa ba.

Jirgin da babu shi

A 1940 Jamus ta ɗauki 'yan jiragen Heinkel He 100 da take da su, kamar 12, aka riƙa canza musu fenti da lamba ana ɗaukar hoto ana bazawa a jarida wai sabon jirgin yaƙi ne mai suna He 113. Ingila ta hau ta zauna, aka sa shi cikin littattafan gane jirage, matuƙa kuma suka riƙa dawowa da rahoton sun yi arba da shi har ma sun harbo shi, alhali bai taɓa shiga fagen daga ba.

Yadda ake ganewa

Jirage masu siffar ban mamaki su ne masu sauƙi, duk da su ake tsorata sabon shiga da su. Blohm & Voss BV 141 na 1938 inji da wutsiya suna gefe ɗaya, ɗakin matuƙa yana ɗaya gefen shi kaɗai kamar an yi kuskuren haɗawa. Dornier Do 335 farfela ɗaya a hanci ɗaya a bayan wutsiya. Vought V-173 na 1942 kuwa faifai ne kawai mai farfela biyu, guda ɗaya tak aka yi.

Inda ake shan wuya shi ne masu fiffike sama da ƙasa na zamanin yaƙin duniya na farko, don duk kamarsu ɗaya. Misali DH.4 da DH.9 na Birtaniya, fiffike da wutsiya kusan iri ɗaya ne, sai ka kalli gefe: a DH.4 matuƙi yana ƙarƙashin fiffiken sama, ɗan bindiga yana can baya, tankin mai a tsakaninsu, a DH.9 kuwa ramukan zaman biyu suna manne da juna a bayan fiffike. Ƙaninsu DH.9A shi ne irin jirage 3 da hafsan sojan saman Birtaniya Arthur Coningham ya jagoranto daga Masar suka sauka Kano a farkon Nuwamba 1925.

A yau

Yawanci a kulob da mujallu da intanet ake yi. Akwai saɓani kan ko zanen da bai taɓa tashi ba ya halatta a kawo shi, wasu sun yarda wasu sun ƙi.