Mahaɗar Shiga a Tsarin Tantance Masu Amfani

Mahaɗar shiga ita ce hanyar da manhaja ko shafin intanet ke bi don tabbatar da cewa mai neman shiga shi ne mai asusun. Kamfanonin da ke sayar da aikin tantancewa, irin su Auth0 da Okta, suna ajiye kowace hanya a rubuce: inda sunayen mutane suke, ƙa'idar da za a bi a yi magana da wurin, da manhajojin da aka yarda su bi ta nan. Ana iya gyara ta da hannu a shafin gudanarwa, ana kuma iya yi ta API, wato ƙofar da manhaja ke aika wa 'yar'uwarta umarni ba tare da mutum ya danna komai ba.

Tarihi

Galibi ana danganta fara amfani da kalmar sirri a kwamfuta ga CTSS, tsarin da ke ba mutane da yawa damar aiki da kwamfuta ɗaya, na jami'ar MIT a Amurka, wajajen 1961, ƙarƙashin Fernando Corbató. Shekaru da dama bayan haka kowace na'ura ita ke riƙe da sunayen mutanenta. Ma'aikacin da ke aiki da na'ura biyar sai ya haddace kalmar sirri biyar, ranar da ya bar aiki kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an goge shi, in an tuna.

Yunƙurin tattara sunaye wuri guda ya fara ne a cikin ma'aikatu. Kerberos, tsarin tantance masu shiga, ya fito daga MIT a shekarun 1980, LDAP, ƙa'idar duba kundin sunaye, ya biyo a 1993, sannan Microsoft ta kawo nata kundin sunayen, Active Directory, tare da Windows 2000. Duk waɗannan na cikin gida ne. Tsallakawa daga wannan kamfani zuwa wancan sai da OASIS, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin fasaha, ta fitar da SAML, ƙa'idar miƙa shaidar mutum daga wani wuri zuwa wani, a 2002, ta kuma sabunta shi a 2005. Dabararsa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san fataucin goro a Kumasi: baƙon falke ba ya bin dillalai yana gabatar da kansa, maigidan da ya sauke shi ne ke tsaya masa, kasuwa kuma ta karɓi maganar maigida. Haka manhaja ke karɓar shaidar da wani amintaccen wuri ya sa wa hannu, ba ta ma ganin kalmar sirrin mutum.

Wani tsarin, OAuth, ya ɓullo a 2007, sigarsa ta biyu ta tabbata a Oktoban 2012. An gina shi ne don ba wa manhaja izinin taɓa bayanan mutum a wani wuri, ba don tabbatar da ko shi wane ne ba, shi ya sa a 2014 aka ɗora OpenID Connect a kansa domin tantance mutum. A tsakanin nan Facebook ta yaɗa shiga da asusun sada zumunta tun 2008, Apple kuwa sai 2019. Da hanyoyi suka yi yawa, haɗa su ya zama sana'a mai zaman kanta. An kafa Okta a 2009, Eugenio Pace da Matías Woloski suka kafa Auth0 a 2013, Okta ta sayi Auth0 a 2021 kan kusan dala biliyan 6.5.

Ire-irenta

Akwai ta rumbun bayanai, mai aiki da imel da kalmar sirri. Akwai ta sada zumunta kamar Google da Facebook. Akwai ta ma'aikata mai bin SAML ko Active Directory. Sai wadda ba ta da kalmar sirri, inda ake turo lamba ta saƙon tes ko imel.

Sarrafawa ta API

A tsarin Auth0 adireshin aikin shi ne /api/v2/connections. Da GET ake karanta abin da ke akwai, da POST a ƙirƙiri sabuwa, da PATCH a gyara, da DELETE a goge. Kowane umarni yana tafiya da tikitin izini mai ƙayyadadden wa'adi, kuma izinin kashi-kashi ne: mai read:connections zai duba amma ba zai taɓa ba. Amfanin wannan ya fi bayyana ga kamfanin da ke sayar wa makarantu ko asibitoci da yawa manhaja guda, domin kowane sabon abokin ciniki yana zuwa da tasa mahaɗar, kuma yi da hannu sau ɗari ba ya rasa kuskure.

Wuri biyu ne ƙafar masu aikin ta fi zamewa. Na farko, suna da nau'in mahaɗa ba sa sauyuwa bayan an ƙirƙire ta. Na biyu ya fi ɓarna: idan aka aika PATCH da sashen options, inda saitunan mahaɗar suke, ɗauke da abu ɗaya tak, wannan ɗayan zai maye gurbin sashen gaba ɗaya, sauran saituna su ɓace. Mai son ƙara tsaurin kalmar sirri kawai yana iya wayar gari ya tarar ya share abin da bai yi niyya ba. Shi ya sa ake fara karanto tsarin duka, a gyara wurin da ake so, sannan a mayar da shi cikakke. Gogewa kuwa ba ta da komowa. Idan umarni ya yi yawa a ɗan lokaci, sabar, wato kwamfutar da ke karɓar umarnin, kan mayar da lambar 429, ma'ana a dakata.

A Ghana

A zangunan Accra da Kumasi, irin su Nima da Madina da Aboabo, lambar waya ta fi imel tasiri, musamman tun da MTN ta kawo MoMo, tsarin aika kuɗi ta waya, a 2009 mutane suka saba da lambobin sirri a waya. Daga 2021 kuma aka shiga haɗa layukan waya da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. Don haka matasan da ke gina manhajar adashi ko ta kuɗin makarantar Islamiyya sukan fifita shiga da saƙon tes, duk da cewa kowane saƙo kuɗi ne, kuma wanda ya sace layi ya sace asusu.

Akwai wata matsala da ake yawan gani. 'Yar kasuwa ta shiga manhajar adashi yau da Google ta wayar ɗanta, gobe ta shiga da lambarta mai farawa da +233. A wurin tsarin mutum biyu ne, domin kowace mahaɗa tana ba da tata lambar shaida, sai ta tarar da asusu fayau babu zubin da ta yi. Maganinta haɗe asusun biyu, kuma ba a yin sa sai ta tabbatar duka nata ne. Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa masu tattara bayanan jama'a yin rajista da hukumar da ke kula da hakan.

Saɓani

Eran Hammer, editan OAuth 2.0, wato sigar ta biyu, ya janye daga aikin a 2012 yana sukar sarƙaƙiyarsa. Wasu na ganin tara makullan kowa a hannun kamfani guda haɗari ne, suna kafa hujja da kutsen da ya shafi Okta a 2022 da 2023. Masu wannan ra'ayi sukan koma ga Keycloak, manhajar tantancewa da ake girkawa a sabar gida.