Ƙarfen da ke ɓoye a ƙarƙashin motocin Amurka masu ƙwanji: don inji aka sa shi ko don direba?

Waɗanne motoci ne masu ƙwanji?

Motocin Amurka ne na 1964 zuwa farkon shekarun 1970, waɗanda aka cusa wa ƙaton inji mai silinda 8 a bodi matsakaici. Pontiac GTO ta 1964 ake cewa ta share fage, sai su Dodge Charger da Chevelle SS, da ƙannensu Mustang da Camaro. Injin Hemi na kamfanin Chrysler lita 7 ne, ƙarfin doki 425.

Me ya sa masana'anta ta riƙa ƙara musu ƙarfe?

Saboda murɗewa. GTO da Chevelle bodinsu a ɗore yake kan shasi daban. Mustang da Charger kuwa bodi da shasi abu ɗaya ne, walda ta haɗe su, har rufin motar ma yana cikin abin da ke riƙe ta. Ka ɗauki kwali da murfinsa a rufe ka murɗa, ba ya motsi. Ka yanke murfin ka sake murɗawa, nan take zai karkace. Haka mota mai buɗaɗɗen rufi take. In ba a ƙarfafa ƙasanta ba, da an ɗaga ta da jak ƙofa ta fara ƙin rufuwa.

In ka kwanta ƙarƙashin Mustang ta 1968, ka duba bayan tayar gaba, daidai inda direba ke ajiye ƙafa, za ka ga wani akwatin ƙarfe da ya haɗe sandar shasin gaba da doguwar sandar da ke ƙasan ƙofa. Amurkawa na kiran sa tok-boks. A 1965 da 1966 masu buɗaɗɗen rufi kaɗai Ford ya sa wa shi a gaba. A 1967 masu rufi suka samu guda a ɓangaren direba, a 1968 aka sa ko'ina biyu. Chrysler ma ya sa irinsa a masu buɗaɗɗen rufi da masu injin Hemi, har da baya inda sifirin ke kama bodi, don nan ne ƙarfin inji ke fizga idan an taka totur daga tsaye. Shi kuma General Motors, kamfanin da ke ƙera GTO da Chevelle, sai ya toshe sandunan shasin masu buɗaɗɗen rufi, suka zama rufaffu ta kowane gefe.

Ke nan ba don tsaron mutum aka yi ba?

Ba don shi ba, kuma nan ne na ga mutane suna ruɗewa. An sa waɗannan ƙarafan ne don kada mota ta murɗe, ta riƙa ƙara, ko walda ta tsage. Mutumin da ke ciki yana zaune ne gaban sitiyari mai doguwar sandar ƙarfe da ta nufi ƙirjinsa. A Mustang ta 1965 zuwa 1970, saman tankin mai shi ne daɓen but ɗin motar, ba wani bangon ƙarfe tsakaninsa da kujerar baya. Duk lokacin da na tuna yara na zama a wannan kujerar, sai jikina ya yi sanyi.

To wa ya kawo batun tsaro?

Doka. A tsakiyar shekarun 1960 mutum kusan 50,000 ke mutuwa a titunan Amurka duk shekara. Lauya Ralph Nader ya tayar da ƙura kan rashin tsaron motoci a 1965, ranar 9 ga Satumba 1966 kuma Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar tsaron motoci ta tarayya. Daga 1 ga Janairu 1968 ƙa'idojin farko suka fara aiki: bel a kowane mazauni, bel ɗin kafaɗa a gaba ban da masu buɗaɗɗen rufi, sandar sitiyari mai lanƙwashewa idan an yi karo, da birki mai layi biyu don in ɗaya ya zubar da mai ɗayan ya kama. Matashin kai na kujerun gaba ya zama dole a Janairun 1969.

Yaushe doka ta taɓa bodin kansa?

A makare. General Motors ya fara sa sandar ƙarfe a cikin ƙofofin manyan motocinsa a samfurin 1969, amma ƙa'idar ƙarfin ƙofa sai Janairun 1973 ta hau kan kowa. A samfurin 1973 aka ce bambar gaba ta jure bugu a gudun mil 5 a awa, wato kilomita 8, a 1974 ta baya ma haka. Ƙa'idar ƙarfin rufi ta zo a Satumban 1973. Kafin nan tsadar inshora da dokar hayaƙi sun riga sun karya kasuwar, Hemi ma bayan samfurin 1971 aka daina sa shi a motocin titi. Mafi yawan masu ƙwanji na asali an ƙera su ne kafin waɗannan ƙa'idoji.

Amma ai ana cewa motar da ƙarfe ce, ta yanzu gwangwani?

A garejinmu ma haka ake faɗa, kuma na fahimci dalili: tsohuwa ta yi ɗan karo ba ta lotsa ba, sabuwa gabanta ya yamutse. To yamutsewar nan da gangan aka tsara ta, ita ke shanye bugun kafin ya iso ga mutum. A 2009 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 gaba da gaba, kowace a gudun mil 40 a awa. Bel Air ba mai ƙwanji ba ce, amma ta gab da zamaninsu ce. Mazaunin direbanta ya naɗe, sitiyari ya doki mutum-mutumin gwajin. A Malibu gaban ya ragargaje, mazaunin direba na nan yadda yake.