Giya ba ta kare ƙwaƙwalwa daga radiyeshin

A Jos, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ƙasar da ake zubarwa bayan wanki tana ɗauke da ma'adinai masu fitar da radiyeshin, wato wani haske da ido ba ya gani wanda ke iya cutar da jiki. A bakin tsofaffin kududdufan Bukuru na sha jin ana cewa ƙwaryar burkutu tana wanke wannan guba daga jiki. Wannan magana tana damuna, domin ba gaskiya ba ce.

Camfin ya tsufa. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Yukiren a 1986, ma'aikata da yawa sun yi ta shan vodka da wannan imani. Tushensa ɗan ƙarami ne. A kwalbar gwaji, sinadarin giya yana kama wasu ɓurɓushi masu lahani da radiyeshin ke haifarwa cikin ruwa. Amma kafin jinin mutum ya ɗauki adadin da zai yi wannan aiki, giyar ta riga ta kashe shi.

A cikin kai kuwa, giya da radiyeshin wuri ɗaya suke kai wa duka. Akwai sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe sababbin abubuwan da mutum ya koya. Radiyeshin yana raunana shi, yawan giya ma haka. Hanta kuma tana mayar da giya wani sinadari mai lalata ƙwayoyin halitta, daidai lokacin da jiki ke fama da gyaran ɓarnar radiyeshin.

Wanda ake gasa wa ciwon dajin kai da radiyeshin a asibiti, galibi yana kan maganin farfaɗiya ko na kumburi. Giya tana rikita aikinsu, ta ƙara jiri da mantuwa, har ta tayar da farfaɗiyar.