Koyar da ilimin guba a makarantun likitanci

Ilimin guba, wanda likitoci ke kira toksikoloji, fanni ne da ke nazarin yadda sinadarai, magunguna, dafin dabbobi da tsirrai ke cutar da jiki, da yadda ake gane hakan a magance shi. A yawancin makarantun likitanci ba shi da sashe na kansa. Darussansa a rarrabe suke tsakanin ilimin magunguna, ilimin cututtuka, kulawar gaggawa da likitancin shari'a, shi ya sa masu tsara manhaja ke ƙoƙarin saƙa shi cikin waɗannan darussa da gangan.

Tarihi

Paracelsus, likita ɗan Suwizalan (1493–1541), ya koyar da cewa yawan abin da aka sha ne ke raba magani da guba, ra'ayin da ya ɗaure fannin da ilimin magunguna tun farko. Sai dai buƙatar kotu ce ta fara sama masa gindin zama a jami'a. Mathieu Orfila, haifaffen tsibirin Minorka, ya wallafa babban littafi kan guba a Faris wajen 1814, ya zama farfesan likitancin shari'a a 1819. Robert Christison ya fitar da nasa a Edinbura a 1829. Babbar tambayar wancan zamani ita ce me ya kashe mamaci, kuma sinadarin arsenik aka fi zargi. Gadon nan yana nan a Indiya, inda guba da likitancin shari'a ke sashe guda.

Bayan rahoton Flexner na 1910 kan gyaran koyar da likitanci, makarantun Amurka sun tsaya kan shekara biyu a aji, biyu a asibiti, guba kuma ta koma 'yan laccoci a darasin magunguna. A 1952 jami'ar Western Reserve da ke Cleveland ta fara koyarwa gaɓa-gaɓa: zuciya, ƙoda, hanta, kowace da duk ilimin da ya shafe ta. Jami'ar McMaster ta Kanada ta zo a 1969 da koyarwar da ke farawa daga matsalar majiyyaci.

Yadda ake haɗawa

Misalin da aka fi amfani da shi shi ne farasitamol. Idan aka sha fiye da kima, hanta na samar da wani sinadari mai ƙarar da gulutatayon ɗinta (sinadarin da ke kare ta daga guba), ƙwayoyinta su mutu; makarinsa asetilsistin. Majiyyaci guda ya isa a koyar da bayokemistiri, aikin hanta, tantance yunƙurin kashe kai da kulawar gaggawa. Haka maganin ƙwari irin fiya-fiya: yana toshe sinadarin da ke wargaza asetilkolin (mai isar da saƙon jijiyoyi), sai yawu da gumi su kwarara, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya gagara. Ɗalibin da ya fahimci jijiyoyi zai ga dalilin ba da atirofin, maganin da ke tare aikin asetilkolin, ba sai ya haddace ba.

Najeriya

Galibi cikin darasin magunguna ake koyar da ilimin guba. Gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare, ta haɗa likitancin yara da lafiyar muhalli. Saran macijin gobe-da-nisa da ake kaiwa asibitin Kaltungo a jihar Gombe kuwa darasi ne kan daskarewar jini.

Saɓani

Masu suka na cewa guba ba ta da gaɓa tata, don haka a tsarin gaɓa-gaɓa kowane malami kan bar wa wani, har ta ɓace daga jarrabawa. Wasu makarantu na ware mata 'yan kwanaki a sashen gaggawa.